Tsohuwar a-kori-kura mai gazwal ta rage ƙarfi: yadda ake gano ciwon kafin a kwance pompi

Yawancin motocin da ke ɗaukar kaya tsakanin Tahoua da Abalak, da masu hawa duwatsun Keita da Bouza ranar kasuwa, tsofaffin Toyota ne. Akwai Hilux mai inji 2L na lita 2.4, da 3L na lita 2.8, da 5L na lita 3.0, sai Land Cruiser mai 1HZ, silinda shida, lita 4.2. Tsarin shan mansu ɗaya ne: pompi mai juyawa yana jawo gazwal daga tanki da kansa, ya bi ta filta, ya matsa shi zuwa injektoci, masu fesa shi cikin silinda. Babu wani famfo a cikin tanki mai turo mai. Wannan ya sa duk layin da ke tsakanin tanki da pompi tsotso yake yi, kuma ɗan ƙaramin rami a jikinsa ba ya zubar da mai a ƙasa, iska yake shigarwa.

Da mota ta fara sanyin jiki, hukuncin da aka fi ji a garaji shi ne "pompi ne". Wani lokaci gaskiya ne. Amma pompi shi ya fi komai tsada a wannan layi, kuma idan aka kwance shi aka mayar ba daidai ba, an ƙara sabon ciwo a kan tsohon. Don haka shi ne na ƙarshe da za a taɓa. Binciken da ke ƙasa an yi shi ne don injinan da aka ambata. Hilux masu tambarin D-4D kuwa, matsin mansu ya wuce bar 1,000, kuma ba a sassauta musu bututun injekta inji na tafiya.

Fara da tambayar direba

Kafin a ɗaga bonet, a zauna da wanda ke tuƙa motar kullum. Yaushe take yi? Da safe kafin ta ɗumama, ko bayan ta yi tafiyar awa guda? A kan hawa kawai, ko har a miƙaƙƙiyar kwalta? Tanki a cike ko ya kusa ƙarewa? Ina aka sha mai na ƙarshe, kuma me aka taɓa a jikinta kwanan nan? Ciwon da ya zo dare ɗaya bayan an sha mai ko an sauya filta, a nan kusa yake. Wanda ya ɗauki watanni yana ƙaruwa a hankali, lalacewar injekta ne ko inji da kansa.

Sai a tabbatar cewa injin ne ma ke da laifi. A sa giya ta huɗu, mota na tafiya a hankali, a taka totur har ƙasa. Idan ƙarar inji ta hau amma gudu bai ƙaru ba, ambirayaj, wato kulocin da ke haɗa inji da giya, shi ne ke zamewa. Bayan ƴar tafiya a tsaya a kai hannu kusa da kowace ƙafa: wadda ta fi saura zafi, birki ne ke riƙe ta. A duba ko an bar motar a kan ƙafa huɗu tun fitowa daga rairayi. Sannan a kashe inji, yaron mota ya taka totur har ƙasa, kai kuma ka kalli hannun da ke jikin pompi. Dole ya je ya dafa kusoshin da ke tsayar da shi. Waya da ta saki, ko tabarmar ƙasa da ta naɗe a ƙarƙashin totur, tana hana shi isa, motar ta zama kamar ta tsufa alhali ba a ba ta mai ne ba.

Hayaƙi

A sa wani ya bi motar a baya a kan hawa, ko a tsaya a bayanta lokacin da ake tayar da ita da safe.

Baƙin hayaƙi yana nufin mai ya fi iska yawa. Ko iska ta ragu, ko injekta na zubarwa, ko wani ya ƙara mai a pompi. Farin hayaƙi mai warin ɗanyen gazwal, mai yajin ido, mai ne da bai ƙone ba: buji masu ɗumama silinda kafin tayarwa sun mutu, ko matsin silinda ya yi ƙasa, ko kalaj, wato lokacin fesa mai, ya yi jinkiri. Fari mai kama da tururi, wanda ba ya yaji kuma yake ɓacewa da wuri, ruwa ne, sai a duba ko radiyata na rage ruwa. Shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa.

Akwai na biyar da mutane ba su cika lura da shi ba: mota ba ƙarfi, kuma babu hayaƙi ko kaɗan. Wannan yunwa ce. Mai ba ya isa, kuma kusan kullum matsalar tana gaban pompi, tsakaninsa da tanki.

Iska

A lokacin hunturu, idan ƙura ta taso, filtar iska a hanyar Tchintabaraden tana iya cika cikin ƴan kwanaki. A ciro ta a ɗaga ta ga rana ko a sa tocila a ciki. Idan haske ba ya ratsa takardar, ta gama aiki. Ana hura ta da iska daga ciki zuwa waje, ba da ƙarfi sosai ba. Buga ta a jikin taya, kamar yadda aka saba, yana tsaga takardar ta inda ido ba ya gani. Idan gidan filtar yana da kofin tara ƙura a ƙasa, a zubar da shi.

Daga nan a cusa yatsa a cikin bututun da ke bayan filta, wanda ke shiga inji. Ya kamata ya fito da tsabta. Idan ya fito da garin ƙasa, to injin ya daɗe yana shan ƙura, kuma sai a sa ran segiman, wato zobban fistan, sun ci. A matsa tiyon roba da hannu, a duba tsaga a cikin lanƙwasarsa, a kuma kalle shi lokacin da aka taka totur, don wanda ya yi laushi yana tsukewa ya toshe iska. A motocin da suka zo daga Turai akan tarar da bawul mai mayar da hayaƙi cikin inji, wanda kan cika hanyar iska da baƙin kunkunniya har ta ƙuntata. Ta ɗaya gefen kuma, salansa da dutse ya lotsa ko ta ruɓe daga ciki tana shaƙe inji a babban gudu. A kwance ta daga gaba a gwada ƴar gajeriyar tafiya, za a sani.

Daga tanki zuwa pompi

A nan ciwon ya fi zama, kuma a nan ya kamata a ɓata lokaci.

Ƙarƙashin filtar gazwal akwai magudanar ruwa. A ajiye kwalba mai garai-garai, a sassauta ta, a danna famfon hannu da ke saman filtar har kusan rabin kofi ya fito. A bar shi ya kwanta. Ruwa zai zauna a ƙasa, gazwal a sama. Idan an ga tsatsa ko baƙin yauƙi, tankin na buƙatar wanki. A sunsuna kuma, don man da aka haɗa da kananzir ko fetur yana da warinsa, kuma ba ya da santsi tsakanin yatsu. Abin da ya sa wannan yake da muhimmanci shi ne pompin nan babu baƙin mai a cikinsa, gazwal ɗin da ke ratsa shi ne yake shafa masa mai. Ruwa ko kananzir na cinye shi daga ciki. Wanda hanya ta tilasta masa shan mai a jarka ko a wurin ƴan ruwa-ruwa, ya tace da ƙyalle mai tsabta, kada ya juye ragowar gindin jarka, ya kuma zubar da ruwan filta da zarar ya isa gari. Fitilar da ke nuna ruwa a tablo ba abin dogaro ba ce a tsohuwar mota, sau da yawa wayarta ta daɗe da tsinkewa.

Famfon hannun nan shi ma yana ba da labari. Idan layin lafiya yake, bayan dannawa kaɗan zai yi tauri. Idan ana ta dannawa bai yi tauri ba, iska na shiga, kuma sau da yawa ta robar famfon kansa take shiga. Idan kuma inji na tafiya aka ga famfon ya lotsa ƙasa ya ƙi dawowa, akwai toshewa ta wajen tanki.

Sai a yanko ɗan tiyo mai garai-garai, kamar taƙi ɗaya, a sa tsakanin filta da pompi, a ɗaure da kwalye. A tayar da inji a kalla. Ƴan ƙananan kumfa a minti na farko ba komai ba ne. Kumfa da ke ta wucewa ba tsayawa, musamman idan an ƙara wuta, iska ce. A bar tiyon ya kwana a jiki. Idan da safe aka tarar mai ya janye ya bar tiyon wayam, shi ne dalilin da ya sa motar ke tashi ta yi daƙiƙa kaɗan ta mutu, sai an yi ta dannawa.

Gwajin da ya fi kowane raba gardama shi ne na jarka. A samu jarka mai lita 5 da tsabtataccen gazwal daga gidan mai. A cire tiyon shiga pompi, a sa wani sabo daga jarka kai tsaye, da ƴar sabuwar filta a tsakani idan akwai. Tiyon da ke mayar da rarar mai tanki shi ma a juyo shi cikin jarkar, in ba haka ba cikin ƴan mintoci za ta ƙare, don abin da pompi ke mayarwa yana da yawa. A ɗaure jarkar da kyau nesa da salansa da batir, a je hawan da motar ta saba gazawa. Idan ta hau lafiya, pompi da injektoci sun fita daga zargi. Sai a koma baya gaɓa-gaɓa: kan filta, zoben robar filta, tiyon roba da suka bushe, bututun ƙarfe da ya yi tsatsa a inda aka maƙale shi a jikin shasi, da ƴar rariyar da ke bakin bututu a cikin tanki.

Wannan rariya tana da wata ɗabi'a da ke ruɗa mutane. Mota na tafiya, datti ko guntun leda ya taru ya rufe ta, inji ya mutu. A tsaya minti goma, tsotso ya saki, dattin ya faɗi, motar ta tashi kamar ba ita ba. Haka ma murfin tanki da hancinsa ya toshe, ko wanda aka maye da murfin da ba nasa ba. Idan motar ta mutu a buɗe murfin nan take. In aka ji ya ja iska da ƙarfi, a gwada tafiya da shi a sassauce.

Wani kuskure da ake yi bayan an taɓa pompi: kusoshi biyu masu rami da ke ɗaure bututun shiga da na fita sun yi kama, amma ba ɗaya ba ne. Na fita an rubuta OUT a kansa, raminsa ɗan mitsitsi ne, kuma shi ke riƙe matsin cikin pompi wanda ke gabatar da kalaj idan gudu ya ƙaru. Idan aka musanya su, motar za ta tashi, ta yi ralanti (aikin inji ba a taka totur ba) lafiya, amma ba za ta ja ba.

Wuta

Injin nan ba ya buƙatar tartsatsi, amma yana buƙatar demare, wato abin tayar da inji, ya juya shi da sauri. Batir mai lafiya yana nuna kusan volt 12.6 a ajiye, kada ya faɗi ƙasa da 10 lokacin tayarwa, kuma ya nuna tsakanin 13.8 da 14.5 inji na tafiya. A kankare kawunan batir da wayar da ke ɗaure a jikin inji.

A bayan pompi, tsakanin bututun injektoci, akwai ɗan bawul na lantarki mai waya ɗaya. Shi ke buɗe mai idan an murɗa makulli, shi ke kashe inji. A kasa kunne, zai yi ƙas. Wayarsa idan ta yi sako-sako, mota kan mutu farat ɗaya a kan gargada ta sake tashi, ba tare da ta yi shan-iska ko hayaƙi ba.

Buji kuwa a Tahoua ba a tuna da su sai sanyin Disamba da Janairu ya shigo. Injinan nan duka suna da ƙaramin ɗakin ƙonewa a cikin kulas, wato kan inji, don haka da sanyin safiya ba sa tashi sumul sai da buji. A cire ƙarfen da ya haɗa kawunansu, a auna kowane da mita: mai lafiya yana kusa da om ɗaya ko ƙasa, matacce ba ya nuna komai. Wajen saye a duba lambar volt da ke jikin tsohon, don akwai iri-iri, kuma wanda bai dace ba ko ya ƙone cikin kwanaki ko ya ƙi yin zafi. Fesa fetur a bakin filtar iska don a tayar da inji mai buji mugun abu ne, yana iya fasa fistan ko segiman.

Wasu daga cikin masu 5L-E da 1KZ-TE, waɗanda pompinsu ke da kwamfuta, suna da ɗan akwatin bincike a ƙarƙashin bonet. Idan aka haɗa ramukansa masu alamar TE1 da E1 da guntun waya aka murɗa makulli, fitilar inji a tablo za ta yi ƙyaftawa, a ƙirga a samu lambar ciwon.

Injektoci

Idan inji na rawa a ralanti, a nemo silindar da ba ta aiki. Ralantin 3L kusan juyi 700 ne a minti, na 1HZ kusan 650. Da kile mai lamba 17 a sassauta bututun injekta ɗaya, a rufe da tsumma. Idan injin ya ƙara rawa, wannan silinda na aiki, a ɗaure a wuce gaba. Wadda aka sassauta ba a ji wani canji ba, ita ce. Idan akwai ƙara mai kama da bugun guduma kuma ta ɗauke lokacin da aka sassauta wata, injektar wurin tana zuba maimakon fesawa. Don a san ko injekta ce ko silindar, a musanya ta da ta maƙwabciya a sake gwadawa: in ciwon ya bi ta, an gama.

Masu gyaran pompi suna da famfon gwaji mai agogo. Injektar waɗannan injina tana buɗewa a wajen kilo 145 zuwa 155 a kan santimita murabba'i, feshinta ya fita kamar hazo da ƴar ƙara, kuma bakinta kada ya ɗiga idan an riƙe matsi ƙasa da haka kaɗan. Kada kowa ya sa hannu a gaban feshin, yana huda fata ya shiga nama. Wajen mayarwa a sa sabbin zobban ƙarfe na mazauninta, tsofaffin ba sa sake kamawa.

Kalaj, bawul da matsin silinda

Kalaj da ya yi jinkiri yana kawo farin hayaƙi, wahalar tashi, rashin ƙarfi da zafi, injin kuma ya yi laushin murya. Wanda ya yi gaggawa yana sa inji ƙara mai tsauri. A 2L, 3L da 5L bel mai haƙora ne ke juya pompi, don haka idan ya saki ya tsallake haƙori ɗaya, komai ya gurɓace. A buɗe murfin gaba a daidaita alamomin da ke jikin kowace fule. A 1HZ haƙoran ƙarfe ne ke juya pompi, bel ɗin sandar bawul kawai yake ja. Ana sauya bel a kilomita 100,000, kuma idan ya tsinke fistan na dukan bawul. In an tarar da gazwal a cikin murfin, robar gaban pompi ce ta mutu, kuma bel ɗin da ya jiƙe da mai shi ma a sauya shi. Daidaita kalaj na gaskiya da agogon awo ake yi, wanda ake ɗaurawa a bayan pompi. Murɗa pompi da kunne caca ce.

Bawul a 3L da 5L, inji a sanyaye, tazarar na shiga milimita 0.20 zuwa 0.30 ce, na fita 0.40 zuwa 0.50. A 1HZ 0.15 zuwa 0.25 da 0.35 zuwa 0.45. Da ƴan faranti ake daidaita su, shi ya sa ake yawan tsallake aikin. Bawul da ya matse ba ya rufewa sosai, matsi ya gudu, daga baya bakinsa ya ƙone.

Kafin awon matsi, a buɗe murfin zuba baƙin mai inji na ralanti, a ɗora shi a bakin ba tare da an murɗa ba. Ɗan huci ba laifi ba ne a tsohon inji. Idan hucin na cilla murfin, segiman sun tafi. Irin wannan inji yana iya fara shan baƙin mansa ya haukace, a zare makulli ya ƙi mutuwa. In haka ta faru a taka birki, a sa babbar giya a saki ambirayaj, ko a toshe bakin iska da katako, ba da tafin hannu ba. Awon kansa ta ramin buji ake yi, inji da ɗumi, an cire wayar bawul ɗin mai. A 3L lafiyayye yana ba da kilo 32 ko fiye, iyakar ƙasa 20. A 1HZ 37, iyakar ƙasa 27. Bambanci tsakanin silinda da silinda kada ya wuce 5. Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare, juwan kulas, wato shimfiɗar da ke tsakanin kulas da jikin inji, shi ne ya ƙone a tsakaninsu.

Kulas ɗin waɗannan injina, musamman 2L mai turbo da 3L, ba ya jure zafi, kuma a bazara, Afrilu da Mayu, da lodi a kan hawa, nan yake tsagewa. Da safe inji a sanyaye a buɗe radiyata, a cika ta, a tayar. Kumfa da ke ta fitowa ba tsayawa, ko tiyon sama da ya yi tauri cikin minti biyu, hayaƙi ne ke shiga ruwa.

Sai pompi

Idan gwajin jarka bai canza komai ba, injektoci sun wuce gwaji, kalaj da matsi daidai, to yanzu an isa gare shi. Alamarsa da aka fi sani ita ce motar ta tashi lafiya da safe, amma idan ta yi zafi aka kashe ta sai ta ƙi tashi har ta huce, alhali demare na juyawa da sauri. Kan pompin ne ya ci, mai ya yi ruwa-ruwa da zafi yana sulalewa ta gefe. Akan zuba ɗan ruwa a kan pompin don a tabbatar, in ta tashi nan take shi ne. Ruwan ya zama mai ɗumi-ɗumi, don ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi yana iya sa fistan ɗin ciki ya cije. Sauran alamomin su ne gazwal na tsattsafowa ta sandar totur, ralanti na hawa da sauka shi kaɗai, da ƙyallin garin ƙarfe a cikin man da ke komawa tanki.

A duba kusoshin ƙara mai da ke saman pompi ta baya, wanda kamfani ya rufe da hatimi. Idan an fasa hatimin, wani ya riga ya murɗa shi don motar ta ja. Tana ja kuwa, amma da baƙin hayaƙi da zafin da ke cin kulas. A kai pompin wurin mai bencin gwaji tare da injektocinsa gaba ɗaya, a nemi a daidaita shi da lambar da ke kan farantin jikinsa. Kafin a mayar da shi a sauke tanki a wanke, a hura bututu, a sa sabuwar filta, don ruwan da ya cinye shi yana nan kwance a gindin tankin.